Baƙaƙen Amurka ba da jawabi ɗaya suka karya dokar wariya ba

Kwanan nan a majalisarmu ake gardama kan ko zanga-zanga tana da amfani, sai wani ɗan'uwa, kuma mai karatu ne ba laifi, ya ce wai shi wannan labarin baƙaƙen fatar Amurka da ake yawan kawowa misali bai ga abin kambamawa a ciki ba, wai mutane ne suka taru a Washinton, wani fasto ya yi jawabi mai daɗi, turawa suka ji kunya suka sa hannu a takarda, magana ta ƙare. Wani ya karɓe ya ce ai ko jawabin ma ba shi ne ba, lokaci ne kawai ya yi, da tattaki da ba tattaki dole a ba su.

Wallahi maganar nan ta ɓata min rai. Mutanen da ake yi wa wannan gajeren bayani an kashe wasunsu, an fasa kan wasu, an kori wasu daga gonakin da suka yi shekara da shekaru suna nomawa, kuma yawancinsu ko sunansu ba mu sani ba.

Ni abin da na tsaya a kai shi ne tattakin ya yi aiki, kuma ba don shi ba da dokar hana wariya ta 1964 da dokar zaɓe ta 1965 ba su fito a lokacin da suka fito ba. Amma ba yawan ƙafafu ne ya sa ya yi aiki ba, ba kuma zaƙin bakin faston nan Martin Luther King kaɗai ba. Shiri ne na shekaru wanda 'yan aikatau da teloli da masu aski da direbobin tasi da ɗalibai da 'yan ƙodagon gona suka yi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da duniya ta gan su a talabijin sun riga sun daɗe a kan hanya.

Ga wanda bai san yadda abin yake ba, a jihohin kudancin Amurka wariya doka ce a rubuce. Makaranta daban, ɗakin jira a tasha daban, famfon shan ruwa daban, har maƙabarta daban. Kotun ƙolin ƙasar ce da kanta ta halatta haka a 1896, ta ce ba laifi a raba matuƙar an ba kowa daidai, kuma kowa ya san ba a taɓa ba da daidai ɗin ba. Zaɓe kuwa, a takarda baƙar fata yana da ƙuri'a, amma in ya je rajista sai a ce ya biya harajin zaɓe, ko a miƙo masa wani sashe na tsarin mulkin jihar a ce ya yi bayaninsa, kuma baturen da ke kan teburin shi ke cewa ya ci ko ya faɗi. In ya nace, gobe ubangidansa ya sallame shi daga aiki, jibi a ƙona masa gida.

Wai King ne ya yi komai

A duba Montgomery ta jihar Alabama, inda sunan King ya fara fita. Labarin da aka saba ji shi ne wata baiwar Allah Rosa Parks ta gaji da aiki ta ƙi tashi daga kujerar bas ranar 1 ga Disamba 1955, shi ke nan gari ya tashi. Amma Rosa Parks sakatariyar reshen garin ce na NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata, ta yi shekaru tana tattara bayanan matan da aka ci zarafinsu da mazan da aka kashe ba dalili, ta san abin da take yi sarai. Kafin ita ma, a watan Maris na shekarar, wata yarinya 'yar shekara 15 mai suna Claudette Colvin ta ƙi tashi an kama ta. Wato mutanen garin sun daɗe suna jiran ranar.

Wanda ya je ya yi belin Rosa Parks shi ne E.D. Nixon, ma'aikacin jirgin ƙasa mai yi wa fasinjoji hidima a tarago, tsohon ɗan ƙungiyar ƙwadago. A daren nan wata malamar kwaleji Jo Ann Robinson, shugabar wata ƙungiyar mata, ta kwana a kan injin gurza takarda na makarantarsu ita da ɗalibai biyu, suka fitar da takardu sama da dubu 30 masu cewa kada kowa ya hau bas ranar Litinin, gari na wayewa aka raba su makarantu da shagunan aski da coci-coci. Duk wannan King bai shigo ba tukuna. Sai ranar Litinin ɗin, 5 ga wata, aka zaɓe shi shugaba, yana da shekara 26, kuma cikin dalilan da suka sa aka ɗauko shi har da cewa baƙo ne a garin, bai riga ya tara abokan gaba ba.

Yanzu ga inda nake so mai karatu ya tsaya. An yi kwana 381 ba a hau bas ba. Kusan kashi uku cikin huɗu na fasinjojin bas ɗin nan baƙaƙe ne, yawancinsu mata masu aikin gida a unguwannin turawa, wanda in ba su je aiki ba ba za a ɗora tukunya ba. To ta yaya mace za ta je aiki fiye da shekara ba bas? Da farko direbobin tasi baƙaƙe suka ce za su riƙa ɗaukar kowa a kan santi 10, kuɗin bas ke nan. Hukumar gari ta ce duk direban da ya karɓi ƙasa da kuɗin da doka ta yanka za a hukunta shi. Sai aka tara motocin mutane kusan 300 aka yi musu tashoshi da jadawali, asuba ana ɗiba, yamma ana maidowa, coci-coci suka sayi nasu motocin. Aka sa kamfanonin inshora suka janye musu, sai da suka nemo inshora daga Landan. 'Yan sanda suka dinga tare direbobin suna rubuta musu laifin ƙarya. Wasu matan kuma suka ce su a ƙafa za su je, kilomita da yawa, cikin sanyi da ruwan sama.

Kuɗin mai fa? Akwai wata mai dafa abinci, Georgia Gilmore, da aka kora daga aiki saboda ta ba da shaida a kotu, ita da wasu mata suka dinga soya kaji suna gasa kek suna sayarwa, duk taron da za a yi a coci sai ta kawo abin da aka samu. Matan da ke taya ta ba a faɗin sunansu don kada iyayen gidansu su kore su. Aka jefa bam gidan King ranar 30 ga Janairu 1956 matarsa da jaririyarsu na ciki, Allah ya tsare. Aka gurfanar da shugabanni kusan 90. Ba wanda ya koma bas. A gefe guda kuma wani matashin lauya Fred Gray ya shigar da ƙara da sunan mata huɗu, cikinsu har da yarinyar nan Claudette, kuma wannan ƙarar ce kotun ƙoli ta tabbatar a Nuwamba 1956 ta ce raba kujera a bas ya saɓa wa tsarin mulki. Ƙafa a titi, aljihun kamfani na zubewa, lauya na kotu, duk lokaci guda.

Shi kansa babban taron Washinton na 28 ga Agusta 1963, wanda mutum kusan dubu 250 suka halarta, ba King ya shirya shi ba. Tunanin dattijo A. Philip Randolph ne, wanda tun 1941 ya tsorata shugaba Roosevelt da irin wannan tattaki har ya sa hannu a kan umarnin hana wariya a masana'antun kayan yaƙi. Wanda ya tsara komai cikin kusan wata biyu kuwa Bayard Rustin ne, tun daga bas-bas da jiragen ƙasa da za su kawo mutane, zuwa ruwan sha da banɗaki da lasifika da wanda zai tsaya a ina. Kuma sunan taron ma aikin yi aka fara ambata kafin 'yanci. Ban rage wa King komai ba, mutum ne mai ƙarfin zuciya da baiwar magana wanda ya san za a iya kashe shi kowace rana bai ja da baya ba, amma in aka ce shi kaɗai ne an zalunci dubban mutane.

Wai turawa ne suka ga dama

Wannan ita ce ta fi ba ni haushi. Shugaba John Kennedy lokacin kamfe ya ce da alƙalami ɗaya shugaba zai iya hana wariya a gidajen da gwamnati ke da hannu, ya hau mulki ya yi shiru kusan shekara biyu, har mutane suka dinga aiko masa da alƙaluma ta gidan waya. Tsoron rasa sanatocin kudu yake, don 'yan jam'iyyarsa ne. Me ya motsa shi? Birmingham. A watan Mayu 1963 a wannan gari na jihar Alabama yaran makaranta suka fito daga coci rukuni-rukuni, aka kama ɗaruruwa a ranar farko, washegari kwamishinan tsaron garin Bull Connor ya sa aka saki karnuka a kansu aka buɗe musu mesar 'yan kwana-kwana, ruwan da ke ɓare ɓawon itace. Hotunan suka zaga duniya. Ranar 10 ga Mayu 'yan kasuwar garin, waɗanda cinikinsu ya mutu saboda baƙaƙe sun daina sayayya, suka amince da sulhu. Ranar 11 ga Yuni Kennedy ya fito a talabijin ya ce zai kai dokar 'yanci majalisa, kuma a daren nan aka harbe Medgar Evers na NAACP a ƙofar gidansa a Misisipi.

Haka shugaba Johnson, wanda ya gaji Kennedy. Ya sa hannu a dokar 2 ga Yuli 1964 wadda ta haramta wariya a otal da gidan abinci da wurin aiki, amma da King ya same shi a ƙarshen shekarar kan maganar ƙuri'a sai ya ce masa ba yanzu ba, majalisa ba za ta karɓa ba. Sai aka tafi Selma ta jihar Alabama, inda baƙaƙe sun kai rabin mutanen gundumar amma kashi 2 cikin ɗari kacal ke da rajista, kuma 'yan ƙungiyar ɗalibai masu gwagwarmaya ta SNCC da mutanen gari irin su Amelia Boynton sun riga sun yi shekaru suna kai mutane layin rajista ana korarsu. A Fabrairu 1965 ɗan sanda ya harbi Jimmie Lee Jackson a garin Marion yana ƙoƙarin kare mahaifiyarsa, ya rasu bayan kwana takwas. Ranar Lahadi 7 ga Maris mutum kusan 600 suka hau gadar Edmund Pettus bibbiyu-bibbiyu, wasu da 'yar jakar kwana a baya, suna gangarowa suka tarar da 'yan sanda da mahaya dawaki, aka bi su da kulki da hayaƙi mai sa hawaye, aka fasa ƙoƙon kan shugaban SNCC John Lewis, aka bar Amelia Boynton a sume a kan kwalta. A daren wata tashar talabijin ta katse fim ta nuna wa miliyoyin mutane. Bayan kwana takwas Johnson ɗin da ya ce ba yanzu ba yana gaban majalisa yana neman dokar zaɓe, ya sa mata hannu ranar 6 ga Agusta. To ina ganin damar a nan?

Abin da zan yarda da shi a maganar ɗan'uwan nan shi ne yanayin duniya ya taimaka. Amurka na gasa da Rasha wajen neman ƙasashen Afirka da ke samun 'yancin kai, ga shi kuma a 1957 an hana ministan kuɗin Gana Komla Gbedemah zama ya sha lemo a wani gidan abinci a jihar Delaware har sai da shugaba Eisenhower ya gayyace shi karin kumallo don a rufe kunyar, a 1961 aka yi wa jakadan Cadi Adam Malick Sow irin haka a kan hanyarsa ta zuwa Washinton. Lokacin da ake sakin karnuka a Birmingham kuwa watan da shugabannin Afirka suka taru a Addis Ababa ne, har Milton Obote na Yuganda ya rubuta wa Kennedy buɗaɗɗiyar wasiƙa. Amma ai masu gwagwarmayar sun san da wannan, King ya je bikin 'yancin Gana a 1957, ya zo Legas a 1960 bikin rantsar da Azikiwe. Dama ce suka gani suka yi amfani da ita. Da sun zauna a gida da ba hoton da zai ba kowa kunya.

Wai rashin ramuwa tsoro ne

Mu nan da yawanmu zuciyarmu ta fi karkata ga Malcolm X, wanda ya ce baƙar fata na da haƙƙin kare kansa in an kai masa hari, musulmi ne, ya yi aikin hajji a 1964, ya zo Ibadan a shekarar, kuma maganarsa ba kwana-kwana. Ni ma ina girmama shi ƙwarai, kuma sukar da ya yi kan saka yara a gaban karnuka a Birmingham har yau tana damuna, don ni uba ne, ban san ko zan iya barin ɗana ya fita ranar ba. Kwana 18 bayan taron Washinton aka dasa bam a cocin da yaran nan suke taruwa, 'yan mata huɗu suka mutu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne da za a wuce shi da kalma biyu.

Amma a ce waɗanda ba su rama ba matsorata ne, wannan kam a'a. A Nashville wani malami James Lawson, wanda ya zauna a Indiya ya nazarci hanyar Gandhi, ya yi watanni yana horar da ɗalibai kafin su fita. Za a zaunar da kai a kujera, 'yan'uwanka su zama turawan, a zage ka zagin uwa da uba, a hura maka hayaƙin sigari a fuska, a fizgo ka ƙasa, a koya maka yadda za ka dunƙule ka kare kanka da cikinka, yadda wani zai faɗo a kanka ya raba dukan da kai. Wanda ya san zuciyarsa ba za ta ɗauka ba sai a ba shi wani aikin, tuƙi ko buga waya. Ranar zaman a teburin cin abinci na kantuna suka sa kwat da taye, in an kwashe layin farko na biyu ya zauna. Da aka jefa bam gidan lauyansu a Afrilu 1960, dubbansu suka taka shiru har ƙofar ofishin magajin gari, wata ɗaliba Diane Nash ta tambaye shi a gaban jama'a ko a ganinsa daidai ne a ƙi sayar wa mutum abinci saboda launin fatarsa, ya ce ba daidai ba ne. Kafin wata ɗaya aka buɗe teburan. Matsoraci ba ya yin wannan.

Ga kuma lissafi. Baƙaƙe kusan mutum ɗaya ne cikin goma a ƙasar, 'yan sanda da soja da alƙalai da kurkuku duk na wancan ɓangaren ne, kuma irin su Connor ba abin da suke roƙo kamar a ɗaga musu bindiga. Sannan layin da ake ja tsakanin King da Malcolm bai kai kaurin da ake zato ba. A ƙauyukan kudu manoma da yawa na kwana da bindiga suna gadin gidajen da masu rajistar ƙuri'a suka sauka, a Louisiana ma tsofaffin sojoji ƙungiya suka kafa ta wannan aikin a 1964. Malcolm da kansa ya je Selma a farkon Fabrairu 1965 King na tsare, kuma matar King ta ba da labarin cewa ya ce mata bai zo don ya wahalar da mijinta ba, so yake turawa su ga abin da ke jiransu in sun ƙi saurarar King. Kwana 17 bayan haka aka kashe shi.

Kada kuma wani ya ɗauka duk inda aka fito titi aka ci nasara. A Albany ta jihar Jojiya, 1961 zuwa 1962, an yi tattaki an cika kurkuku, amma shugaban 'yan sandan garin Laurie Pritchett ya karanci dabararsu, ya hana yaransa duka a gaban kyamara, ya rarraba fursunoni gidajen yarin garuruwan maƙwabta, su kuma masu zanga-zangar sun nemi komai da komai a lokaci guda. King ya bar garin ba abin nunawa. Darasin nan ne ya sa a Birmingham suka kama 'yan buƙatu ƙayyadaddu suka nufi aljihun 'yan kasuwa.

To me aka samu, tunda har yau ana kashe su?

Wanda ya ga bidiyon yadda ɗan sanda ya danne wuyan baƙar fata George Floyd har ya mutu a 2020 yana da haƙƙin yin wannan tambayar. Amma a Misisipi baƙaƙen da ke da rajistar zaɓe ba su kai kashi 7 cikin ɗari ba a 1964, zuwa 1967 sun kusa kashi 60. Fannie Lou Hamer, wadda aka kora daga gonar da ta yi shekara 18 tana aiki a 1962 saboda kawai ta je rajista, aka yi mata dukan da ya nakasa mata ƙoda a kurkukun Winona, ta rayu ta ga maƙwabtanta na jefa ƙuri'a. Ba wanda zai ce mata ba a samu komai ba.

Inda aka kasa shi ne maganar abinci da gida da albashi, kuma su da kansu sun faɗi haka. Da King ya koma kan talauci da unguwannin arewa da yaƙin Biyetnam, waɗanda suka tafa masa a Washinton da yawa suka juya masa baya, a Shikago a 1966 aka jefe shi da dutse a ka, kuma a shekarar kusan biyu cikin uku na Amurkawan da aka tambaya ba sa ganin sa da kyau. Dokar zaɓen ma a 2013 kotun ƙoli ta cire mata wani babban ginshiƙi, wasu jihohi suka fara sabbin dabarun rage masu zaɓe.

Abin da ya kai King Memphis a 1968 yajin aikin masu kwasar shara ne. Wasu biyu daga cikinsu, Echol Cole da Robert Walker, sun fake a bayan motar shara saboda ruwan sama, injin ya tashi ya murƙushe su, sai ma'aikata kusan 1,300 suka ajiye aiki suna neman a san da ƙungiyarsu a ƙara musu albashi. An harbe King a barandar masaukinsa ranar 4 ga Afrilu yana da shekara 39. Masu sharar ba su koma aiki ba. Ranar 8 ga wata matarsa Coretta ta zo garin ta shiga gaba dubban mutane suka bi ta, ranar 16 hukumar gari ta amince da ƙungiyar, ta ƙara musu santi 10 a kowace awa, da alkawarin ƙarin santi 5 daga baya.